Mai Kira da Mai Harbi: Rayuwar Valmond Mazerolle na Kedgwick

Haihuwa da asali

An haifi Valmond Mazerolle ranar tara ga watan Fabrairu na shekarar 1942 a garin Kedgwick, a arewacin lardin New Brunswick na ƙasar Kanada. Sunan mahaifinsa Théophile Mazerolle, mahaifiyarsa kuwa Exilda Doiron, dukansu daga zuriyar Akadiyawa masu jin Faransanci waɗanda suka hauro daga bakin teku neman ƙasar noma. Shi ne na shida cikin 'ya'ya goma sha ɗaya, kuma shi kaɗai ya gaji sana'ar uban. Théophile ɗan jagora ne a kogin Restigouche: lokacin zafi yana tuƙa attajiran Amurka a kwalekwale zuwa gurbin kifin salmon, da hunturu kuma ya shiga daji saran katako.

Karatu da tasowa

Valmond ya shiga makarantar sistocin coci ta garinsu a shekarar 1948, ya bar ta a 1955 bayan ya gama aji bakwai, ba tare da ya bar wani abin tunawa ba sai yawan fashi a watan Satumba. Dalilin fashin sananne ne. A ƙarshen wannan watan ne orinyal, babban naman dajin nan da ya ɗara doki tsayi, yake shiga lokacin barbara, kuma a lokacin ne Théophile kan ɗauki yaron su tafi fadama. An haramta farautar dabbar a lardin tun kafin a haifi Valmond, saboda haka ba bindiga suke ɗauka ba. Ɓawon farin itace uban kan ɓare, ya naɗe shi kamar mazurari, ya kafa baki ya kwaikwayi kukan macen da ke neman namiji.

Yana da shekara goma sha huɗu ya yi kiran da ya fito da wani bijimi daga cikin duhuwa, ya taho a fusace har sai da uba da ɗa suka ɗare bishiya ɗaya. Daga can saman reshe Théophile ya dubi ɗansa ya ce, "Kai, ɗan nema, da macen orinyal aka haife ka da ka yi kasuwa." Wannan shi ne yabo guda ɗaya da aka san ya taɓa yi masa, kuma Valmond ya riƙe shi har tsufa.

Sana'a

A shekarar 1958 aka ɗauke shi aikin jagora a ɗaya daga cikin gidajen masunta baƙi na bakin kogi, aikin da ya riƙe har zuwa 1999. Shi ke tura kwalekwale da gora, shi ke sanin dutsen da kifi ya laɓe a bayansa, shi ke zaɓen ƙugiya. Baƙo ya jefa fatsa inda aka nuna masa, kifi ya kama, Valmond ya sa homa ya kwaso, sannan a miƙa masa kyamara ya ɗauki baƙon yana murmushi da kifinsa. Bai taɓa ƙorafi a kan wannan ba. Baƙo baƙo ne, da kaka zai koma garinsu.

A shekarar 1960 hukuma ta sake buɗe farautar orinyal, amma da sharaɗi. Lasisi ba a saye yake ba, ƙuri'a ake jefawa duk shekara, kuma wanda sunansa ya fito shi kaɗai ke da izinin harbi, cikin kwana uku na ƙarshen Satumba. Mutanen Kedgwick suka ɗora tasu al'adar a kan dokar: mai kira yana da cinya guda, masu ɗauko nama suna da kasonsu, amma kai da ƙahoni na mai harbi ne. Shi ake ɗaura wa kan a gaban a-kori-kura, a zaga gari ana danna ham. Valmond ya shiga ƙuri'ar tun shekarar farko yana ɗan shekara goma sha takwas. Sunansa bai fito ba. Ya shiga ta badi, da ta bayanta, bai taɓa tsallake ko ɗaya ba.

Aure da 'ya'ya

Ranar ashirin da shida ga Yuni, 1965, aka ɗaura aurensa da Jeannine Haché a cocin garin, kuma Allah Ya albarkaci auren da 'ya'ya huɗu tsakanin 1966 da 1975. Tare da matar ya sami suruki, ƙaninta Onil Haché, wanda ya buɗe shagon aski a babban titi a 1967. Onil mutum ne mai fara'a da yawan zance, wanda bai iya bambanta sawun orinyal da na saniyar madara ba, kuma bai taɓa ɓoye hakan ba. Shagonsa ya zama majalisar mazan gari, inda ake yanke hukunci a kan siyasa da kifi da wanda ya iya daji.

Shekarun Onil

A 1969 wani da Onil ke yi wa aski ya zuga shi ya shiga ƙuri'a, kuma a karon farko sunansa ya fito. Ya zo gidan yayarsa da bindigar aro a hannu.

"Mijin Yaya, wai ni na ci," in ji shi. "To, ta wane gefe ake harbin abin?"

"Ta gefen da ba na tsaye," in ji Valmond.

Ya kai shi fadama, ya yi kira, bijimi ya fito fili ya tsaya kamar an ɗaure shi, Onil ya harba. Aka zaga gari da kan, aka kafe ƙahonin a saman madubin shago, aka aika wa Valmond cinya. Ya karɓa ya yi godiya, domin a lokacin yana ganin nasa rabon yana tafe.

A 1977 ƙuri'a ta sake faɗawa kan Onil, aka maimaita abin da aka yi. Ƙahoni suka zama biyu a saman madubi, daidai inda idon mai zama a kujera ke sauka. Duk sa'ad da Valmond ya zo gyaran fuska, Onil kan sa yatsa a haɓarsa ya ce, "Ɗaga kai, mijin Yaya. Ka ga daga nan ma ka fi ganinsu da kyau." 'Yan majalisa su fashe da dariya, Valmond ya yi yaƙe. Waɗanda suka san shi sun ce daga wannan shekarar ne ya daina tambayar kowa sakamakon ƙuri'a. In an fitar da sunaye sai ya tafi kogi ya wuni.

Akwai masu ba shi shawarar ya yi abin da wasu ke yi, ya shiga daji a ɓoye ya harbe nasa. Amsarsa ɗaya ce kullum: naman sata ana ci, amma ƙahon sata ba ya hawa bango. Ba nama yake nema ba, nama ya cika masa firji.

A 1988 Onil ya ci karo na uku, kuma bijimin da Valmond ya kira masa a wannan kakar shi ne mafi girma da aka gani a yankin cikin shekaru masu yawa. Sai da ya yi asuba biyu yana lallashinsa daga ƙetaren tafki kafin ya yarda ya tsallako. Jaridar mako ta yankin ta buga hoton a shafin farko, ta kira Onil Haché gwanin daji. Valmond ma yana cikin hoton, amma hannunsa kawai, riƙe da ƙaho ɗaya don kada kan ya kife. Kura da shan bugu ke nan, gardi da karɓar kuɗi. Onil ya sa hoton a gilashi ya rataye a gefen madubi.

Ranar Asabar ta makon Valmond ya shiga shagon, ya tsaya gaban hoton, bai zauna ba.

"Gwanin daji," in ji shi. "Mutumin da ya ɓata tsakanin mota da wurin fitsari."

"To ni na rubuta?" in ji Onil, almakashi a hannu. "Haba mijin Yaya, ga hannunka nan ya fito raɗau, har agogo. Ka dai yi a hankali, hassada ga mai rabo taki ce. Da ka daina, da tuni na daina ci."

Wannan ita ce rana ta ƙarshe da Valmond Mazerolle ya taka shagon.

Rabuwa

Ya mayar da cinyar. Daga nan har ƙarshen rayuwarsa Jeannine ce ke yi masa aski a kicin, kuma duk wanda ya zauna bayansa a coci ya san ba sana'arta ba ce. A liyafar Kirsimeti ta gidan surukai, inda ake gasa burodin naman orinyal, dankali kawai yake ci. Ya daina yi wa kowa kira, ko Onil ko wanin Onil, ya kuma ƙi koya wa kowa. Da babban ɗansa Réjean ya roƙe shi a 1990, ya ce masa, "In koya maka, gobe kawunka ya ɗauke ka ka riƙe masa ƙaho a jarida?" Duk Satumba yakan tafi fadama shi kaɗai, ya kira bijimi, ya kalle shi, ya dawo gida. Na'urar kira da matasa suka fara saye ya raɗa mata suna rediyon malalata, ya yi shekaru yana faɗin haka a gaban duk mai ita.

A 2003 sunan Onil ya fito karo na huɗu. A lokacin doka ta riga ta yarda wanda ya ci ya zaɓi mutum ɗaya ya zama abokin harbinsa, saboda haka Onil ya tako har ƙofar gida, hula a hannu.

"Zan sa sunanka," in ji shi. "Kai za ka harba, ni in riƙe maka kofi. Ƙahon ma ka ɗauka, ni bango ya cika."

"Lasisin da sunan wa?"

"Da sunana mana, amma..."

"To, ka gaida gida."

Onil ya tafi daji da na'ura ya dawo hannu rabbana. A wannan makon an ga Valmond yana tafiya a babban titi yana fito, abin da ko matarsa ta ce ba ta san ya iya ba.

Rashin lafiya

A watan Afrilu na 2011 likitoci a Moncton suka gano sankara a maƙogwaronsa, aka yi masa aiki. Ya tashi, amma muryar ba ta tashi ba. Abin da ya rage masa raɗa ce mai kaushi, wadda sai an matso ake ji. Da kaka ta zo ya ɓare ɓawo ya naɗe, ya fita filin da ke bayan gidansu ya kafa baki. Iska kawai ta fito. Jeannine, wadda ke kallo ta taga, ta ce ya gwada sau da yawa, sannan ya jefa mazurarin cikin murhu ya shigo ya nemi shayi. Duk da haka bai daina shiga ƙuri'a ba.

Kakar 2016

A watan Yuli na 2016, yana da shekara saba'in da huɗu, sunan Valmond Mazerolle ya fito. Réjean ne ya bugo waya daga Moncton yana ihu. Valmond ya zauna a kujerar kicin, ya raɗa kalma ɗaya: "Yanzu?"

Idonsa lafiya lau, hannunsa ba ya rawa, kuma an ƙara wa'adin farautar zuwa kwana biyar. Abin da ya rasa shi ne mai kira. A duk Kedgwick babu sauran mai kira da baki, domin wanda ya iya ya ƙi koyarwa. Réjean ya kawo na'ura. Uban bai ko buɗe kwalin ba, don ya san abin da gari zai faɗa. Jeannine ce ta je ta sami ƙaninta, kuma jajibirin buɗe farauta Onil ya bayyana da wani ɓawo da ya naɗe a karkace, ya ɗaure da igiyar takalmi.

"Kaka uku ina kwance a bayanka ina sauraro," in ji shi. "Ko kututture ne ni ai na tsinci wani abu. Ka so ka ƙi, ni kaɗai gare ka."

Valmond ya dubi ɓawon, ya dubi mutumin, ya shiga mota.

Kwana huɗu Onil yana kira, daji bai tanka ba. Wasu mafarauta da suka jiyo shi daga nesa suka kai labari gari cewa ko dai ana yanka maraƙi a fadama ko wata ƙofa ce ta yi tsatsa. Valmond bai gyara masa ko sau ɗaya ba, ko da yake yana jin inda kuskuren yake.

Da safiyar rana ta ƙarshe raɓa ta daskare a kan ciyawa, iska ta kwanta. Onil, wanda mura ta shaƙe wa murya, ya yi kiransa kamar kullum, amma shaƙewar ta sauke kukan ta ja shi, ya fito daidai. Valmond ya ji haka kafin daji ya ji. Can ƙetaren fadama aka amsa da gurnani, rassa suka fara karyewa, jim kaɗan bijimin ya keto hazo ya tsaya a fili, ya ba su gefe. Valmond ya ɗora bindiga a kan kututture ya saita bayan kafaɗa. Abin da ya jira tun yana saurayi yana tsaye gabansa.

A cikin wannan ɗan lokacin ne ya yi lissafinsa. Za a ɗaura kan a gaban mota, za a zaga gari, ƙahonin za su hau bangonsa. Sannan a aika wa Onil cinya, kason mai kira, kuma a shagon aski, ƙarƙashin ƙahoni uku, za a ce Onil ya harbi nasa ya kuma kira na Valmond. Abu ɗaya tak ya mallaka a duniya wanda ƙuri'a ba ta ba surukinsa ba, wato kira, kuma harsashi ɗaya ya isa ya miƙa masa shi.

"Harba!" in ji Onil cikin raɗa. "Mijin Yaya, don girman Allah harba! Ni na kira shi! Kana gani, ni na kira shi!"

Valmond ya zare yatsa, ya kwantar da bindigar a kan cinyarsa. Bijimin ya shaƙi iska, ya juya ba gaggawa, ya koma inda ya fito.

Da suka dawo gari Onil ya ba da labari a shago, yana buɗe hannuwa yana nuna faɗin ƙahonin. Majalisa ta aika a tambayi Valmond, shi da ba a taɓa kama shi da ƙarya a kan daji ba. Ya ce bai ga komai ba. Da aka matsa masa ya ƙara da cewa ya ji motsi, wataƙila saniyar wani ce ta zo duba ko ɗanta ake yankawa. Gari ya ɗauki maganarsa. Daga ranar, duk wanda ya zauna a kujerar aski sai ya ce, "Onil, ɗan kira mana bijimi mana kafin ka gama."

Rasuwa da jana'iza

Ciwon ya dawo a ƙarshen 2017, kuma a watan Fabrairu na 2018 aka kwantar da shi a asibiti. Onil ya zo duba shi ranar da Fada, limamin coci, ya kawo masa addu'ar marasa lafiya, ya tarar da Jeannine da 'ya'ya a gefen gado.

"Mijin Yaya," in ji shi, "ga Fada, ga Yaya, ga yara. Ba na neman komai wurinka sai kalma ɗaya. Ya fito ko bai fito ba?"

Valmond ya yafito shi da yatsa. Onil ya sunkuya har kunnensa ya taɓa leɓen maras lafiya.

"Ya fito," in ji Valmond, da muryar da ba ta wuce kunne ɗaya ba. "Ban taɓa kiran kamarsa ba. Je ka faɗa."

Onil ya miƙe ya dubi mutanen ɗakin ya ce, "Kun ji? Kun ji abin da ya ce?" Babu wanda ya ji. Da Jeannine ta tambayi mijinta, ya riga ya lumshe ido, kuma bai sake magana a kan batun ba.

Valmond Mazerolle ya rasu ranar uku ga Maris, 2018, yana da shekara saba'in da shida. An yi masa addu'ar jana'iza a cocin da aka ɗaura masa aure, kuma da yake ƙasa a daskare take, aka ajiye gawar a ɗakin maƙabarta har ranar goma sha tara ga Mayu, aka binne shi kusa da mahaifinsa. Onil yana cikin mutum shida da suka ɗauki akwatin.

Ya rasu ya bar matarsa Jeannine da 'ya'ya huɗu: Réjean, makaniken manyan motoci a Moncton, Lucille, ma'aikaciyar jinya a Campbellton, Ghislain, wanda ke aikin mai a Alberta, da Monique, malamar makarantar firamare a Kedgwick, sai jikoki bakwai. Ya kuma bar surukinsa Onil Haché, wanda ya rufe shago a 2019, yake zaune a gidan tsofaffi na garin, inda har yau yake ba da labarin safiyar nan ga duk wanda ya zauna kusa da shi, kuma har yau bai sami wanda ya gaskata shi ba.